Tsohon Keke Mai Naɗewa: Faɗi Aibinsa Kafin Ka Faɗi Kuɗinsa



Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya sake samun daraja a ƙasarmu. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Waɗanda suka jingine keke a zaure shekara da shekaru suka kakkaɓe shi suka kai wa mai faci, wanda ba shi da shi kuma ya shiga nema. Cikin kekuna na hannu da ake sarowa a Kano a kawo ƙauyuka, akwai wani ƙarami mai gajerun tayoyi da doguwar sandar sirdi, wanda ake naɗewa gida biyu a saka a bayan mota. Matasa sun so shi don kyansa da rashin nauyinsa. Yanzu wasu daga cikinku suna so su sayar da nasu, wani don kuɗin makaranta, wani don taki, wani don ya cika ya sayi babba. Tambayar da ke bakin kowa ita ce: nawa zan sa masa?

Ga matsayinmu tun daga farko. Kuɗin tsohon keke shi ne kuɗin aikin da ya rage a jikinsa. Mai sayarwa ne ya fi kowa sanin abin da ya rage, saboda haka nauyin faɗa yana wuyansa, kuma ya kamata ya faɗa kafin a yi maganar kuɗi. Neman riba halal ne, ciniki ma halal ne. Abin da muke ƙi shi ne a karɓi kuɗin mutum a kan abin da aka san ba ya nan.

Shekarun da suka rage

Wannan ra'ayi yana da tushe a Littafin Firistoci sura 25. A can an ba Isra'ilawa ƙa'idar sayar da gona. Kowace shekara ta 50, wato shekarar murna, gona takan koma hannun masu ita na asali. Don haka in za a sayar da gona, sai a ƙirga shekarun da suka rage kafin wannan shekara. In da yawa, kuɗi ya hau. In kaɗan ne, kuɗi ya sauka. Dalilin da aka bayar shi ne, abin da ake sayarwa a gaskiya shi ne yawan girbin da mai saye zai samu. A cikin 'yan ayoyin nan, daga 14 zuwa 17, sau biyu aka hana cutar juna a ciniki, aka kuma haɗa hanin da tsoron Allah.

Keke ba gona ba ne, amma hankalin ɗaya ne. Mai saye yana biyan kuɗin tafiye-tafiyen da keken zai yi masa nan gaba: zuwa makaranta a Kabo, zuwa gona, zuwa kasuwar Getso da dawowa. Kuɗin da ka saye shi shekara 4 da suka wuce ba ruwan mai saye da shi. Ƙaunar da kake yi masa don yayanka ne ya kawo maka daga birni, ita ma ba ta shiga lissafi. Abin da ke shiga lissafi shi ne shekara nawa zai ƙara yi, a kan wace irin hanya, da kuma nawa za a kashe masa kafin ya yi su.

An ƙera shi don wata irin hanya

Kafin ka sa wa abu farashi, sai ka san don me aka yi shi. Keke mai naɗewa ya daɗe a duniya. Sojojin laima na Ingila sun yi amfani da wanda kamfanin BSA na Birmingham ya ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1968 kamfanin Raleigh na Nottingham, wanda iyayenmu suka san manyan kekunansa, ya fito da Raleigh Twenty mai taya inci 20. A 1975 Andrew Ritchie ya zana Brompton a Landan, mai taya inci 16. A 1982 David Hon ya kafa kamfanin Dahon a Amurka. Irin waɗannan na zamani an yi su ne don mutumin birni da ke hawa jirgin ƙasa zuwa aiki, wanda ɗakinsa ƙarami ne a saman bene, hanyarsa kuma kwalta ce lafiyayya.

Mu kuwa hanyarmu burji ce da yashi da kwazazzabo. Ƙaramar taya tana nutsewa a yashi fiye da babba, tana kuma faɗawa ramin da babbar za ta tsallake. A tafiyar kilomita 1, tayar inci 20 tana juyawa kusan sau 650, ta inci 28 irin ta Raleigh ko Phoenix kuwa kusan sau 450. Ke nan ƙaramar ta fi saurin suɗewa, boris ɗinta ya fi shan wahala. Ban da haka, manyan kamfanonin da ke ƙera shi sukan iyakance nauyin da zai ɗauka tsakanin kilo 100 zuwa 110, mahayi da kayansa gaba ɗaya. Buhun masara cikakke shi kaɗai ya kai kilo 100. Wanda ya sayar wa manomi wannan keke yana cewa zai ɗauki buhu zuwa kasuwa, ya yi ƙarya ko da bai ɓoye ko tsatsa ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin keken ba shi da amfani a nan. Ɗalibin da zai shiga mota daga Gwarzo zuwa Kano, ya sauka a tasha ya buɗe kekensa ya ƙarasa makaranta, ya sami abin da yake nema. Haka ma'aikaciyar asibiti ko malamin makaranta mai ɗaki ɗaya, da ke so ya kwana da kekensa a ciki don gudun ɓarayi. A wurin irin waɗannan ne keken ke da daraja, kuma a wurinsu za ka sami kuɗi mai kyau ba tare da ka yi wa kowa daɗin baki ba. Neman wanda kayan ya dace da shi rabin ciniki ne.

Yadda ake duba shi

Ka wanke keken, ka fito da shi rana, ka duba shi kamar kai ne za ka saya.

Ka fara da gaɓar da yake naɗewa a tsakiya, domin ran keken yana nan. Ka kulle mariƙinta, ka matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. In ka ji gaɓar tana motsi ko tana ƙara, ta saki. Ka haska tocila a kan waldar da ke gefenta. Tsaga takan fara ne kamar siririn gashi a cikin fenti. Haka za ka yi wa gaɓa ta biyu, wadda ke gindin sandar da ta riƙe kan keken. Ka kuma zaro sandar sirdi ka ga ko ta lanƙwashe, ka duba bakin bututun da take shiga ko ya tsage. A jikin sandar akwai alamar iyakar da ba a zaro ta fiye da ita, dogayen samari kuwa sukan wuce wannan alama, daga nan ɓarna ke farawa.

Sai ka san da me aka yi gangar jikinsa. Ka manna maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, galibi alminiyam ne. Bambancin yana da girma. Ƙarfe yana tsatsa, amma mai walda gwani yana iya yi masa aiki. Alminiyam ba ya irin wannan tsatsa, amma in ya tsage yana bukatar na'ura ta musamman da gashi na musamman bayan walda, abin da ba a samu a bakin titi. Gaɓar alminiyam da aka liƙe aka shafe da fenti tarko ce.

Daga nan ka karanta lambar da ke gefen taya. Tayar da ake kira inci 20 iri biyu ce: mai lamba 406 da mai lamba 451. Ta inci 16 ma iri biyu ce: 305 da 349. Ba sa shiga rim ɗin juna. Mai 406 ita ce irin ta kekunan yara da yawa, don haka samunta ba wuya. Sauran kuwa, musamman 349 da 451, mutum yana iya shan yawo kafin ya samu. Keken da tayarsa ba ta samuwa a kusa, darajarsa a Dugabau ba ta kai darajarsa a birni ba, kuma mai saye yana da hakkin ya san haka.

A ƙarshe, kaca da birki da rim. Ka ɗauki tef na tela ka auna kaca: daga fil ɗaya ka ƙirga 24 gaba, a sabuwa inci 12 ne daidai. In awon ya wuce da kashi 1 cikin 8 na inci, kacar ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran da take hawa. Ka ɗaga kowace taya ka juya ka ga ko rim yana rawa, ka taɓa wayoyin tayar ka ji ko akwai sakakke ko tsinkakke. In mai giya ne, ka hau ka sauya kowace giya ka ji.

Lissafin kuɗi

Gani ya kori ji. Ka je wurin masu sayar da kekuna, ko a Sabon Gari a Kano ko a kasuwa mafi kusa, ka tambayi kuɗin irinsa mai lafiya a wuri 3 aƙalla. Ka lura da kuɗin da ake sallamawa, domin kuɗin da ake fara faɗa daban ne. Ka je wurin mai gyaran keke ya ƙiyasta maka abin da gyara zai ci. Sai ka cire na biyu daga na farko.

Ga misali, da alkaluman da muka ɗauka don bayani kawai. A ce mai lafiya ana sallama shi naira 60,000. Naka yana bukatar tayoyi biyu na 14,000, da kaca da robar birki na 6,000. Darajarsa ta tsaya kusa da 40,000. Kana iya fara faɗin 45,000, a taya, ka ce albarka, a ƙara, har ku daidaita. Babu zunubi a cikin wannan, al'adar kasuwarmu ce, kuma mai saye ya san da ita. In dillali ne ya haɗa ku, a yanke la'adarsa a fili tun kafin a sallama.

In kuwa ka sami tsaga a gaɓa, lissafin ya canza gaba ɗaya. Abin da ke hannunka yanzu kayan gyara ne: tayoyi, sirdi, feda, kaca, kariya. Ka sayar da su a matsayin haka, gangar jikin kuma ta tafi wurin 'yan gwangwan. Za ka sami kuɗi kaɗan, amma ba za ka ɗora ɗan wani a kan abin da zai rabe gida biyu yana gangara a kan titi, mota na bayansa ba.

Abin da za ku ce mana

Mun san amsoshin da ake bayarwa, kuma ba mu raina su ba.

Na farko: kasuwa ce, kowa ya buɗe idonsa, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, amma ramukan rariya a fili suke. Tsatsar kariya da yagaggen sirdi irin rariya ne, ido yana gani, ba sai ka yi dogon bayani ba. Tsagar da ke ƙarƙashin sabon fenti kuwa, kai kaɗai ka san da ita. Annabi Amos, a sura 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke rage mudu, suna murɗe ma'auni, suna haɗa ƙaiƙayi cikin alkama su sayar wa talaka. Mu da muke zaune cikin manoma mun san sunan wannan: algus. Fentin da aka shafa don a rufe tsaga, da ƙasar da aka zuba a gindin buhun dawa, uwarsu ɗaya.

Na biyu: ni ma haka aka sayar mini. Wannan yana da zafi, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma wanda zai saya a hannunka ba shi ya cuce ka ba. In kowa ya miƙa asararsa ga na gaba, a ƙarshe za ta sauka ne a kan wanda ya fi kowa rauni, yaron da ya yi ƙodago damina guda ya tara kuɗin. Dole wani ya tsayar da ita a hannunsa, mu kuwa da muke cewa Almasihu ya ɗauki abin da ba shi ya jawo ba, ba mu da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinmu.

Na uku: in na faɗa, zan yi asara, ga kuɗin makaranta yana jirana. Ba za mu yi muku alkawarin cewa Allah zai mayar da kowace naira kafin mako ya zagayo ba. Wani lokaci mai gaskiya yana komawa gida da kuɗi kaɗan. Amma ku auna ɗaya gefen. Dugabau ba Kano ba ce, inda mai saye zai ɓace cikin taro. Wanda ka sayar wa zai wuce ta ƙofar gidanku gobe. In keken ya karye bayan mako 2, gari duka zai san daga hannun wa ya fito, kuma ba sunanka kaɗai za a kira ba, za a ce yaron majami'a ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hukunci a shari'arsu da ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sun san wannan ma'auni sarai, kuma da shi za su auna mu. Naira 10,000 da aka ci ta hanyar shiru ba za ta sayo shaidar da aka zubar ba.

Mai saye ma yana da nasa

Kada a ɗauka mai sayarwa ne kaɗai ke iya cuta. Karin Magana 20:14 ta zana hoton mai sayen da ke kushe kaya a gaban mai su, da ya bar wurin kuma sai ya shiga fahariyar arahar da ya samu. Yau waya tana hannunku. Cikin minti 5 kana iya gano cewa keken da wata gwauruwa ta fito da shi daga ɗakin marigayi mijinta ƙirar babban kamfani ce, kuma a birni zai yi ninkin abin da ta faɗa. In ka ce mata, “Inna, wannan ai tarkace ne, don taimako kawai zan saya,” ka yi sata da baki. Abin da ya dace shi ne ka ce, “Inna, kekenki ya fi abin da kika faɗa. Ga abin da zan iya biya, in kuma kina so a kai shi Kano, zai fi haka.” Kana iya cin riba bayan haka, amma riba ce da ta san da ita.

Akwai kuma wata ɗabi'a a cikin ikilisiya da ya kamata mu kira ta da sunanta. Wani yakan zo ya ce, “Haba ɗan'uwa, ai mu ɗaya ne cikin Ubangiji, ka bar mini a rabin kuɗi.” Ko ya ɗauki keken a kan zai biya bayan girbi, girbi ya zo ya wuce, mai keke yana jin nauyin tambaya don tare suke rera waƙa ranar Lahadi. Kyauta mai bayarwa ne ke yanke ta. In ka matsa wa ɗan'uwa da sunan zumunci har ya sallama a ƙasa da daraja, ka mai da zumuncin abin ciniki. Irin wannan ne ke sa mutum biyu su daina zama a benci ɗaya.

Shaidu da takarda

A ƙarshe, a rufe ciniki a fili. Sa'ad da Ibrahim ya sayi filin Makfela a Farawa sura 23, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari. Sa'ad da Irmiya ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17, a sura 32 ta littafinsa, ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardar cikin tulu. Irmiya kuwa daga hannun ɗan'uwansa na jini ya saya. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kāriya ce ga zumunci.

Ku ɗauki takarda ɗaya ku rubuta kwanan wata, sunan mai saye da mai sayarwa, ƙirar keken da launinsa, lambar da aka buga a jikinsa (galibi tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa), kuɗin da aka biya, da aibin da aka faɗa. Shaidu 2 su sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a waya. In bashi ne, a rubuta ranar biya. Mai saye ya hau keken ya zaga, ya naɗe ya buɗe da hannunsa, domin ba a cinikin biri a sama. Keken da aka kankare lambarsa, ko wanda mai shi ya kasa faɗin inda ya samo shi, ku bar shi komai araharsa.

Muna ba shugabannin zumunta shawara su nemi mutum ɗaya ko biyu a cikinku da suka iya gyaran keke, su zama masu duba wa duk ɗan zumuntar da zai saya ko zai sayar, su kuma koya wa na baya. Kakanninmu sun kira keke dokin ƙarfe, sun kuma kira gaskiya da wannan suna. Wanda zai miƙa wa wani ɗaya, ya haɗa masa da ɗayan.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai kake ganin abin da fenti ya rufe. Ka ba matasanmu ido na sanin darajar abin da ke hannunsu, da ƙarfin zuciya na faɗin aibinsa ko da kuɗi zai ragu. Ka biya bukatar masu neman kuɗin makaranta da taki ta hanyar da ba za ta sa wani kuka ba. Ka sa cinikinmu ya zama shaida mai kyau a Dugabau. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.